Kaska a Kwalba: Yadda Ƙananan Halittun Ƙasar Hausa Suka Shiga Ma'adanan Duniya

 Yankin Ƙaraye da Rogo, inda jihar Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ciyawa tana daɗewa ɗanya, don haka noma da kiwo suke tafiya tare: dawa da masara da auduga da rake a gona, shanu da tumaki a makiyaya da bakin rafi. Duk inda dabba ta haɗu da danshi kuwa, kaska ta samu gida. Ƙarƙashin dutse da tsagar katanga na kunama ne, rufin ɗaki da kan zangarniya na gizo-gizo, bayan ganyen tumatirin rani kuma na wasu mitsi-mitsin jajayen halittu masu saƙa yana. A wurin masana, duk waɗannan dangi ɗaya ne. Babbansu ƙafa takwas gare shi, ba shida irin ta fara da ƙuda ba, kuma babu mai fiffike a cikinsu.

Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ba sai an gabatar masa da su ba. Makiyayi ya san kaskar da ke manne wa hantsar saniya ta bar gyambo, ya san wadda ke shiga kunne; mai gyaran rumbu ya san inda ba a zura hannu da ka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, 'yan'uwan waɗannan halittu da aka tsinta a ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna nan jere cikin kwalabe a ɗakunan bincike na Vom da Zariya, da manyan ma'adanan halittu na Dakar da Landan da Faris, wasu sun haura shekara ɗari a ajiye. Hanyar da ta kai su can ba son ilimi zalla ya share ta ba. Dukiya ce ta share ta. Halittar da ta taɓa saniya ko auduga ita aka fara kamawa aka rubuta. Wadda harbinta ya tsaya a jikin talaka, ko wadda ba ta cutar da kowa, sai da aka daɗe kafin a waiwaye ta.

Kwalba, sifirit da 'yar takarda

Ƙwaro irin su fara da buzuzu da malam-buɗe-littafi, soke shi ake yi da allura a busar, ya shekara ɗari yana nan yadda yake. Gizo-gizo ba ya jure haka. Cikinsa taushi gare shi, da ya bushe sai ya motse, gaɓoɓin da ake gane jinsinsa da su su lalace. Shi ya sa shi da kunama da kaska a ruwa ake ajiye su, cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Kowane kamu da tasa siririyar kwalbar, a toshe bakinta da auduga, sannan a nutsar da kwalabe da yawa cikin babban tulun gilas. Mitsi-mitsin da ido ba ya rarrabewa kuwa, ɗaya-ɗaya ake kwantar da su a kan fallen gilas cikin wani haɗi da ake yi da ƙaro, ƙaron nan dai na itacen dakwara, a rufe, a duba da madubin likita.

Amma darajar kwalba ba a jikin halittar take duka ba. Rabinta na jikin 'yar takardar da ake sakawa ciki, wadda ake rubutawa da fensir ko tawadar da sifirit ba ya narkarwa: garin da aka kama ta, ranar, sunan wanda ya kama, in kaska ce a jikin wace dabba aka cire ta. Kwalbar da ta rasa wannan takarda ta zama gawar ƙwaro kawai. Wadda ke da ita kuwa shaida ce cewa a wuri kaza, a shekara kaza, irin wannan halitta ta rayu.

Akwai kuma kwalbar da ta fi saura martaba. Duk masanin da ya raɗa wa sabon jinsi suna, wajibi ne ya keɓe samfurin da ya dogara da shi, ya ajiye inda wasu za su iya dubawa. Matsayin wannan samfurin asali kamar na mudun sarkin kasuwa ne: in gardama ta tashi kan awo, gare shi ake komawa. Tsarin sunan kimiyya mai kalma biyu ya kafu ne a Suwidin, da littafin Carl Clerck kan gizo-gizon ƙasarsu a 1757 da na Carl Linnaeus a 1758. Daga nan halittun Afirka ta Yamma suka fara shiga rajista, ta hannun jiragen fatake da ke tsayawa a gaɓar teku. Johan Fabricius na Danmak ya ba kunamar da ta fi yawa a dazukanmu suna a 1787, wadda yau ake kira Hottentotta hottentotta, daga samfurin da aka kawo daga Saliyo. A 1794 ya ba babbar kaskar shanu mai zane a gadon baya nata sunan, wadda yau ita ce Amblyomma variegatum. A 1841 Carl Koch na Jamus ya siffanta ƙatuwar baƙar kunama, irin wadda Bahaushe ke kira duwu, Pandinus imperator. Babu ɗaya cikin mutanen nan biyu da ya taɓa taka ƙasar da halittun suka fito. Takardun wancan zamani sau da yawa ba su wuce kalma ɗaya ba, Gini ko Afirka, sai ka ce duk nahiyar unguwa ce guda.

Matafiya da attajirai

Cikin ƙasa ya fi gaɓa wuyar shiga. Likita Walter Oudney, wanda aka ɗora wa tattara tsirrai da halittu a ayarin Ingilishi da ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, bai ga Kano ba. Ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824, abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya ƙarasa birnin ba tare da shi ba.

A ƙarshen 1885, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wasu samarin Jamusawa biyu suka iso Kano ta hanyar Loko da Keffi da Zariya, ɗauke da tsarabar Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu. Ɗaya Paul Staudinger, ɗan Otto Staudinger na Dresden, wanda ke cikin manyan dillalan ƙwari na Turai. Ɗayan Ernst Hartert, mai sha'awar tsuntsaye. Saƙon siyasa suka kawo, amma ba su bar bindigar harbin tsuntsu da akwatunan ajiya a gida ba. A 1892 Hartert ya zama shugaban ma'adanar halittu ta attajiri Walter Rothschild a garin Tring na Ingila, kuma ƙasar Hausa ba ta fita daga ransa ba. A zamaninsa ma'adanar ta turo Kyaftin Angus Buchanan, wanda ya sauka Kano a ƙarshen 1919, ya kafa zango a Fanisau, ya yi ta kamu a kewayen birni, sannan ya nausa arewa ta Damagaram da Damargu har Agadas da duwatsun Azbin a 1920.

Abin lura shi ne irin kayan da ya kwasa: tsuntsaye, ƙananan dabbobi masu shayarwa, malam-buɗe-littafi da dangoginsa na dare. Su ne ke da kasuwa a wurin attajiran Turai, su ke ƙawata akwati, su ke ɗaga sunan mai ma'adana. Gizo-gizon da ya koɗe cikin sifirit ba ya burge baƙo. Wani abin kuma, a irin waɗannan tafiye-tafiye ba Bature kaɗai ke kamun ba. Mafarauta ke nuna rami, yaran gari ke kawo abin da suka tsinta a ba su 'yan kwabbai, 'yan dako ke ɗaukar akwatuna a ka. A 'yar takarda kuwa sunan shugaban tafiya ake rubutawa.

A ɓangaren Faransawa an ɗan fi kula da masu ƙafa takwas. Cibiyar IFAN da aka kafa a Dakar a 1936, wadda Théodore Monod ya shugabanta daga 1938, ta tura Lucien Chopard da André Villiers Azbin a 1947 su kwaso duk abin da ya samu. Da suka dawo aka rarraba kayan ga gwanaye. Kunamu suka tafi hannun Max Vachon na ma'adanar Faris, wanda ya fitar da bayaninsu a 1950; gizo-gizo suka tafi wurin Jacques Denis, wanda nasa aikin ya fito a 1955 da jinsuna da dama da ba a taɓa rubutawa ba.

Zamanin kaska

Abin da ya ɗaga darajar kaska a idon gwamnatoci ya faru ne nesa da nan. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke ɗaukar zazzaɓin da ke sa shanu fitsarin jini daga wata dabba zuwa wata. A 1900 Charles Lounsbury ya nuna a Afirka ta Kudu cewa wata kaska ta gidan Amblyomma ce ke yaɗa ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 1897, Ronald Ross ya gano hannun sauro a zazzaɓin cizon sauro. Daga nan duk mai shan jini ya zama abin tuhuma, sanin sunansa kuma ya zama aikin hukuma.

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1909 ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan ya kafa kwamitin binciken ƙwari na Afirka, aka naɗa Guy Marshall sakatarensa. Kwamitin ya riƙa raba wa likitoci da jami'an mulki kwalabe da takardar umarni, su kama su aiko. Ya kuma turo James Simpson ya zagaya Afirka ta Yamma, rahotonsa kan ƙudaje masu shan jini da kaska na Nijeriya ta Arewa ya fito a 1912. A Jami'ar Cambridge kuwa George Nuttall da Cecil Warburton sun fara wallafa babban kundinsu na kaskar duniya tun 1908, kwalabe na zuwa musu daga ko'ina cikin daular. Nuttall ya rasu a 1937, tarin nasa yana babbar ma'adanar halittu ta Landan har yau, da rajistar da ke nuna inda kowace kwalba ta fito.

Dalilin wannan himma ba ɓoyayye ba ne. Jangali na cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na baitulmalin En'e, fata da ƙirgi kuma na cikin kayan da jirgin ƙasa ya fara kwasa bayan ya iso Kano a 1911. Saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali, ƙirgin da kirci ya ci ba shi da daraja a kanti. An buɗe sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1924 aka mayar da ɗakin bincikensa Vom kusa da Jos. Cutar bushiya ce ta fara cinye hankalinsu, amma da aka samu kanta da rigakafi sai aka juyo kan sammore da cututtukan kaska. A 1952 K. Unsworth ya wallafa binciken kaskar shanun Nijeriya, musamman na lardunan Arewa. A shekarun 1970 tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki ragamar, inda A. A. Ilemobade da P. Leeflang suka fitar da bitar cututtukan kaska a dabbobin Arewa a 1977.

Da yawa daga abin da aka rubuta, Fulani sun riga sun sani da ido da hannu. Sun ware manyan kaska masu dogon baki, waɗanda suke kira koti, daga ƙananan da suke kira miri, kuma koti suke bi suna cirewa da hannu, musamman da damina. Bincike ya gaskata su: balagaggun Amblyomma variegatum da damina suke yawaita, su ke ɗauke da ciwon ruwan zuciya, kuma inda suka yi yawa kirci yakan tsananta. Abin da ɗakin bincike ya ƙara shi ne sauran rayuwarta da ido ba ya kamawa. Kaskar tana hawa dabba uku a rayuwarta, tana saukowa ƙasa ta saɓe bayan shan jini na farko da na biyu, 'ya'yanta kuma kan laɓe a jikin tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Wanda ya tsaya kan cire manya daga shanu kaɗai, rukuni ɗaya cikin uku yake yaƙa.

Kaskar Arewa ta yi tafiya tare da shanun Arewa. A Ibadan, inda fatake ke kai garke, ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na jami'a ya riƙa cire kaska daga shanun kasuwa yana dubawa. A 1964 aka samu wata ƙwayar cuta sabuwa a jikin Amblyomma variegatum, aka sa mata sunan unguwar Dugbe. A waɗannan shekaru kuma aka samu ƙwayar zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango a kaskar shanun. Tun kafin tsakiyar ƙarni na 19 wannan kaska ta ƙetare teku a jikin shanun da aka ɗauka daga Senegal zuwa tsibirin Guadeloupe, inda har yau ake kiranta kaskar Senegal, kuma ana ganin balbela ta taimaka wajen yaɗa ta zuwa sauran tsibiran Karibiyan. A Alƙahira, Ba'amurke Harry Hoogstraal ya shafe shekaru yana tara kaskar Afirka, littafinsa kan ta Sudan ya fito a 1956 ya zama abin dogaron likitocin dabbobi a faɗin nahiyar. Tarinsa ya shiga ma'adanar kaska ta ƙasar Amurka, wadda tun 1990 take jami'ar Georgia Southern a garin Statesboro, da samfuri fiye da miliyan ɗaya.

Samaru

Yadda jangali ya haifi Vom, haka auduga da gyaɗa suka haifi Samaru. An buɗe tashar binciken noma a can a 1922, a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ba a yaƙar tsutsar auduga ko mai huda karan dawa sai an san ko wace ce, saboda haka ma'aikatan suka riƙa ajiye samfurin duk abin da suka kama a gona, suna aika mai rikitarwa Landan a tantance a dawo musu da suna. Da haka aka gina ma'adanar ƙwari ta Samaru. Cikin waɗanda suka yi mata hidima akwai John Deeming, gwanin ƙudaje, wanda a 1971 ya warware jinsunan ƙudan da ke kashe zuciyar dawa tun tana ƙarama. A Kano ma, dalar gyaɗa ta jawo kafa tashar binciken ƙwarin ajiya, saboda ƙwaron da ya shiga buhu ɗaya yana iya lalata dala guda.

Ma'adanar Samaru tana sashen kare amfanin gona na jami'ar, kuma har gobe ɗalibai daga jami'o'in Arewa suna kai kamunsu can a gwada da na akwati. Ga manomin Rogo ko Ƙaraye ita ce ta kurkusa, don Zariya maƙwabciya ce. Sai dai asalinta ya bar mata tabo: abin da ke cin amfanin gona ta fi ƙarfi a kai, masu ƙafa shida ke nan.

Da tsohuwar zuma ake magani

Mai tambaya zai ce, mene ne amfanin kaskar da ta mutu tun zamanin Gwamna Lugga? Amsar ta zo a ƙarnin nan. A 2007 aka gano wata baƙuwar kaska a Kodebuwa, Rhipicephalus microplus, 'yar asalin Asiya wadda ta daɗe tana addabar masu shanu a Burazil da Ostireliya. Ba a jima ba aka gan ta a Jamhuriyar Benin, inda aka shigo da shanun madara daga Burazil a 2004. Tana hayayyafa fiye da na gida, tana ture su daga makiyaya, tana ɗauke da mugun nau'in zazzaɓin fitsarin jini, kuma a wurare da yawa maganin feshi ya daina kashe ta.

A ido kuwa babu bambanci tsakaninta da ƙananan kaskar da muka saba da su. Kama da wane ba wane ba ne. Sai an kwantar da bakinta ƙarƙashin madubi an ƙirga layukan haƙora: ta gida da ta fi yawa, Rhipicephalus decoloratus, uku-uku gare ta a kowane gefe, baƙuwar huɗu-huɗu. Ko nan ba a gama ba, domin akwai wasu na gida biyu masu huɗu-huɗu, ɗayarsu ma, Rhipicephalus geigyi, sai a 1965 aka gane jinsi ce mai zaman kanta. Dole a ƙara da duba wasu gaɓoɓi ko gwajin ƙwayoyin gado. Binciken shanun Filato da aka wallafa a 2013 bai same ta ba. A 2017 masu bincike na Vom suka wallafa tabbacin cewa ta shigo Nijeriya. Babu mai iya cewa wannan baƙuwa ce sai wanda ke riƙe da shaidar 'yan gida, kuma shaidar ita ce tsofaffin kwalabe da rahotannin da aka gina a kansu.

Rogon da ake nomawa ya ga irin wannan. A 1971 aka ga wata koriyar mitsitsiyar halitta tana tsotse tohon rogo kusa da Kampala a Yuganda, kafin ƙarshen shekarun 1970 ta iso Nijeriya. Da aka gwada ta da rubuce-rubucen da ke ajiye, sai ga ta Mononychellus tanajoa ce, wadda Gregório Bondar ya siffanta a Burazil tun 1938. Sanin sunan shi ya nuna gidan da ta fito, gidan kuma ya nuna inda za a nemi mai cinta. Cibiyar IITA ta Ibadan da reshenta na Kwatano suka gwada maƙiyanta iri-iri daga Kudancin Amurka, har aka dace da Typhlodromalus aripo, wata 'yar'uwarta mai farauta, aka sake ta a Benin a 1993. Ta bazu ƙasashe da dama ta rage ɓarnar ƙwarai, ko da yake ta fi kama ƙasa a wurare masu laima. Ita ma wani masani ne ya siffanta ta tun 1967 daga tsibirin Trinidad, lokacin da babu wanda ya san za ta yi wa manomin Afirka rana.

Waɗanda aka bari a baya

Kunama ba ta kashe saniya, ba ta cin auduga, shi ya sa ba a kafa mata tasha ba. Harbin wadda ta fi yawa a ƙasar Kano raɗaɗi ne mai tsanani, amma da wuya ya kai babban mutum lahira. Arewa da nan, a bakin Sahara, lamarin ya sha bamban. A yankin Agadas akwai kunamun gidan Androctonus da Leiurus, waɗanda dafinsu ke taɓa zuciya da huhu, kuma yara ƙanana na mutuwa da shi. Maganin dafi da dafin jinsi sananne ake haɗa shi, don haka sanin wace kunama ke wane gari magana ce ta rai. A Aljeriya an gane haka da wuri: Étienne Sergent na Cibiyar Pasteur ya fara haɗa maganin dafin kunama a 1936, cibiyar ce kuma ta buga babban aikin Vachon na rarrabe kunamun Arewacin Afirka a 1952. Daga baya Wilson Lourenço na ma'adanar Faris ya yi ta fitar da sababbin jinsuna na yankin Sahel, abin da ya nuna sunaye kaɗan da aka daɗe ana amfani da su sun tattara halittu mabambanta a ƙarƙashinsu.

Gizo-gizo ya fi kowa zama maraya, alhali shi ke cinye ƙwarin gona ba tare da an biya shi ba. Rajistar gizo-gizon duniya da ma'adanar birnin Bern ke riƙe da ita ta cika jinsi 50,000 a 2022. Babban tarin na Afirka yana Tervuren ta Beljiyam, inda Rudy Jocqué ya yi aiki, shi da Ansie Dippenaar-Schoeman ta Afirka ta Kudu suka fitar da jagorar gane gizo-gizon nahiyar a 1997. Manyan ayyukan baya-bayan nan kan na Nijeriya kudu suka karkata: Wanda Wesołowska ta Foland da Anthony Russell-Smith sun wallafa masu tsalle na kudancin ƙasar a 2011, wani aikin ya biyo baya a 2012 kan na Kalaba. Inda mai kamu ya zauna, can rajista take cika.

Wannan giɓi ba a cike shi da waiwaye. An kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ruwa ya shanye gonaki da fadamu, noman rani ya ƙaru, feshin magani ya ƙaru tare da shi. Duk wanda ke son auna abin da wannan ya yi wa ƙananan halittun yankin, sai ya samu kamun da aka yi kafin madatsar ya gwada da na yau. Kamun 1985 kuwa a 1985 kaɗai ake iya yinsa.

Abin da aka ajiye ma ba ya tsare kansa. Sifirit yana tsanewa, musamman da zafin bazara. In ba a ƙara ba, aikin shekara hamsin ya bushe a kaka ɗaya. Yana kuma kama wuta. A ranar 15 ga Mayu 2010 gobara ta tashi a Cibiyar Butantan ta São Paulo, ta ci macizai dubbai da tarin gizo-gizo da kunamu da rahotannin lokacin suka ƙiyasta da kimanin 450,000. A ranar 2 ga Satumba 2018 babbar ma'adanar ƙasa ta Rio de Janeiro ta ƙone, tarin masu ƙafa takwas na cikin abin da aka rasa, har da samfuran asali waɗanda ba su da madadi.

Zamanin da Bature zai cika akwati ya hau jirgi ba tare da an tambaye shi ba ya wuce. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba kowace ƙasa ikon cewa ga sharaɗin fitar da halittunta, manyan ma'adanan Turai kuma suna ta ɗora hotuna da takardun kwalabensu a intanet, ɗalibi a Kano yana iya duba wasu daga wayarsa. Wannan ya mayar da nauyin gida. Shekara ɗari da suka wuce, mai biyan kuɗin kamu shi ke zaɓar abin da za a kama, ya zaɓi abin da ya shafi jangali da kanti. Yanzu zaɓin yana hannun jami'o'inmu da ofisoshin lafiyar dabbobi da asibitocin karkara, inda ake kawo yaro da harbin kunama, wani lokaci har da kunamar a gwangwani. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba: kwalba, sifirit, fensir, da ma'aikacin da albashinsa ke zuwa a kan kari don ya riƙa duba tuluna. In an yi haka, a rubuta sunan makiyayin da ya cire kaskar da sunan da yake kiranta da shi, domin shi ma shaida ne, kuma rashin rubuta irinsa na cikin manyan kurakuran ƙarnin da ya gabata.